Malama Kar-a-yar da Ƙugiyar Maɓalli

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Kar-a-yar, kuma ba su zalunce ta ba. Matar nan ba ta iya wuce bola ba tare da ta rage tafiya ba. Tsinkakken silifa, robar tayar keke, lanƙwasasshiyar hangar kaya, guntun bututun famfo, soson katifar da masu ita suka gaji da ita, duk a wurinta kayan aiki ne. In ta hango ɗaliba ta nufi kwandon shara da murfin kwalba, tun daga ƙarshen aji za ka ji muryarta: "Kar a yar!" Da sunan ya kai kunnenta ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi ai gara nata da wanda suka sa wa shugaban sashe.

Aikinta kuwa har yau danginta ba su gane shi ba, mai gashin ƙashi suke ce mata. Ta yi bayani har ta gaji. Masu gashi da tsoka da gaɓa suke fama, nata aikin daga inda nasu ya tsaya yake farawa. Mutum ya tashi daga jinya da hannu ɗaya, ko da yatsu masu rawa, to yaya zai ci abinci, ya sa riga, ya yi wanka, ba tare da ya ƙwala wa wani kira ba? Wannan take koyarwa a makarantar da ke jikin asibiti. Kayan taimakon akwai su a cikin littafi, masu ƙyalli, kowanne da sunansa. A hannu kuwa babu, don haka sai a ƙera.

Ɗakin ƙirar tsohon sito ne a bayan ajujuwa, taga ɗaya, dogon tebur wanda zarto da wuƙa suka yi wa zane ko'ina, ga warin gam da ba ya barin tufafi. A kusurwa akwai tukunyar ruwan zafi da ake tausasa bututun roba a ciki. Nan ɗalibai ke naɗe mariƙin cokali da soso da robar keke don hannun da ba ya iya dunƙulewa. Nan suke yanka gefen bokiti su yi wa faranti katanga, kada shinkafa ta gudu. Sandar tsintsiya ta zama dogon soson wanka, jarkar mai ta zama abin zura safa, katako mai ƙusa ya riƙe albasa don mai hannu ɗaya ya yanka. Wanda ta fi so a cikinsu duka shi ne ƙugiyar maɓalli: 'yar waya a lanƙwashe da mariƙin itace, ka zura ta cikin ramin riga, ka kamo maɓallin, ka jawo.

Dokarta guda ce, kuma daga gidansu ta taho da ita. Tana yarinya kakarta ta faɗi ta karye a hannu. Karayar ta warke, amma mutanen gida ba su bar tsohuwa ta warke ba. Wannan ya ba ta abinci a baki, wancan ya miƙa mata kofi, jika ta ɗaura mata zani, kowa na neman lada. Kafin a ankara tsohuwar da ke share tsakar gida tun kafin kowa ya tashi ta koma sai dai ta zauna ta buɗe baki. Malama ta girma da wannan a ranta, shi ya sa take ce wa ɗalibai, "Duk abin da mutum zai iya yi wa kansa, in kin yi masa, kin sace masa." Ranar farko da za ta kai su gaban majinyaci sai ta sa kowa ya goya hannu a baya. Majinyaci na fama da cokali, gumi na zuba, ɗaliba ta fara motsi, sai ta ji murya a bayanta: "Hannu a baya."

Akwai kuma wani akwatin kwali a ƙarƙashin tebur, inda take tara duk kayan da aka ƙera suka lalace a hannun masu amfani da su. Ɗalibai na kiransa akwatin marigayai. Lokaci-lokaci takan zaro ɗaya ta ajiye a tebur ta ce su faɗa mata abin da ya kashe shi. Tsatsa ce, ko gam ne bai kama ba, ko an lanƙwasa waya a inda ƙarfi ke taruwa? Ruwa ba ya tsami banza, inji ta, kuma abin da ya karye ya fi sabo koyar da mutum.

Mijinta mai gyaran fanka da rediyo ne, shagonsa a bakin titi. Tun suna neman aure take kiransa Injiniya, da tsokana, don ba shi da takardar kowa, sunan kuma ya zauna. Shi kuma Malama yake ce mata kamar kowa. Mutum ne mai surutu, ko shi kaɗai a shago sai ka ji yana yi wa fanka faɗa. Ita kuwa ba mai yawan magana ba ce, ba ta kuma iya tattausan baki ba, in tana sonka sai ta gyara maka hannun ƙofa. Haka suka yi zamansu, shi yana zuba, ita tana aiki tana cewa "uhm", har yara suka girma kowa ya kama gabansa.

Wata safiya ya faɗi a shago a tsakiyar fankokin mutane. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallame shi likita ya ce ƙafar za ta ɗan dawo, hannun kada a sa rai, magana kuwa sai da yi. In ya riƙa yin ta za ta saki, in ya bar ta za ta bar shi.

Watannin farko ita ke sa masa riga. Yana zaune a bakin gado, ita a tsaye a gabansa ta sunkuya, ta fara daga maɓallin ƙasa ta yi sama. A nan yake magana. Kalmomin na fitowa ɗaiɗai, wata ta maƙale ya yi ta nemanta, amma yana yi. Mafarkin da ya yi, wanda ya bari bai karɓi rediyonsa ba, fankar maƙwabta da yake jin kukanta ta cikin bango ya ce saura kaɗan ta tsaya. Kafin ta kai wuyan riga ya gama labari guda. Rabin kunne take ba shi. Ɗaya rabin yana lissafin abin da za ta ƙera masa, don kowane maɓalli ta sa sai ta ji kamar ɗalibanta na leƙenta ta taga.

Ba ta ɓata lokaci ba. Cokali mai kauri, faranti mai katanga, dogon soso, abin zura safa, igiya a jikin gado da zai ja ya tashi, ƙarshe ƙugiyar maɓalli ta wayar hanga. Ta koya masa kowanne yadda take koya wa kowa, a tsaye, hannu a baya. Ranar da ƙanwarsa ta zo dubiya ta tarar da shi yana kokawa da maɓalli, goshi duk gumi, matarsa na tsaye a gefe, sai da ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Haba matar Yaya! Wannan wane irin rashin imani ne? Kina kallonsa kin goya hannu kamar ɗan sanda?"

"Zai iya."

"Ko zai iya, ke mene ne amfaninki? Kawo, Yaya, in sa maka."

"Kar ki taɓa shi," inji Malama, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ƙanwar ta tafi tana faɗa har bakin ƙofa, wai boko ya cinye zuciyar wasu. Malama ta yi kunnen uwar shegu da ita. Ta san abin da take yi, kuma a fannin aiki gaskiyarta ce.

Injiniya bai ba ta kunya ba. Kan mai gyara gare shi, da an nuna masa sau ɗaya ya kama. Har katangar farantin ya ce an sa ta a karkace, ya nuna mata inda ya kamata, kuma daidai ne. Ba a jima ba ya iya komai. Ta tashi da safe ta tarar ya yi wanka ya shirya tsaf, ta dawo da yamma ta tarar ya ci ya wanke farantinsa. Sai ta fara fita da wuri, tunda babu abin jira. A aji takan ba da labarin "wani majinyaci" da ya koma yi wa kansa komai da hannun hagu, ba ta faɗin ko wane ne, amma ɗalibai sun sani, don fuskarta na nunawa.

Gidan kuwa ya yi tsit. "Ka ci?" "Na ci." "Akwai abin da kake so?" "Babu." Mutumin da ke yi wa fanka faɗa ya koma sai ya wuni a kujera yana kallon titi ta taga. Da suka koma asibiti likita ya yaba ƙafa, ya yaba hannun hagu, sannan ya sa shi ya faɗi sunayen abubuwan da ke kan tebur, ya ɗago ya dubi Malama ya ce maganarsa kam baya take komawa. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai, don duk taurinta ta san gidan nan muryarsa ce ke riƙe da shi. To amma me kake tsammani daga Malama Kar-a-yar? Ta samo kwalin sabulu ta yayyanka, ta manna hotuna, kofi, takalmi, kaza, ta jera masa a tire ta ce ya riƙa faɗin sunayensu in ba ta nan. Ya ɗauki ɗaya ya duba ya ce, "Kofi," ya ajiye, ya mai da kansa taga.

Cikin wannan hali ƙugiyar ta karye. Ta fito daga wanka ta same shi a bakin gado, riga a buɗe, guntayen biyu a tafin hannunsa. Ta yi tsaki ta ce wayar hanga dama ba ta da alƙawari. Ta sunkuya ta sa masa maɓallan cikin sauri, ido a kan agogo. Shi kuma ya fara ba ta labarin wani direba da ya taɓa kawo masa rediyo da ƙadangare a ciki. Bai gama ba ta kai wuya, ta ɗauki jaka ta fita. Aiki ya yi mata yawa a makaranta, sai da aka kwana biyu kafin ta ƙera wata, kuma a kwanakin nan ya ƙarasa labarin ƙadangaren har ya fara wani.

Ta biyun da waya mai kauri ta yi ta. Ita ma ba ta yi tsawon rai ba. Ta ukun sai ta je wurin mai gyaran keke ta karɓo wayar ƙafar keke, irin wadda ke ɗaukar ƙato da buhunsa ba ta ce uffan ba. Ta tausasa ta a wuta, ta lanƙwasa a hankali, ta dasa a mariƙi da gam mai kyau, ta miƙa masa ta ce wannan sai dai jikoki su gada. Da ta same shi wata safiya da guntayenta a hannu, ranta ya ɓaci sosai. Ba da shi take fushi ba, da wayar take. Shekara da shekaru tana ƙera ƙugiya, ba a taɓa dawo mata da uku daga hannu ɗaya ba.

Ta tafi da guntayen makaranta, ta ajiye a tebur gaban ɗalibai.

"Ga sabuwar marigayiya. Me ya kashe ta?"

Wata ta ce tsatsa. Malama ta ce ta buɗe ido, ina tsatsar? Wani ya ce an ƙona wayar da yawa wajen lanƙwasa. Ta ce da haka ne da a lanƙwasar za ta karye, ga shi kuwa lanƙwasar lafiya lau. Tana faɗin haka ita ma ta tsaya. Lallai karayar ba a inda ƙarfi ke taruwa take ba. Can kusa da mariƙi take, wurin da maɓalli ba ya ko taɓawa. Ta gyara tabarau, ta matsa kusa da taga, ta juya wayar a haske. Gefen karayar akwai 'yan zane-zane a jere, sama da ƙasa, shaidar haƙoran filaya. A tsakiyar jerin kuma akwai giɓi guda.

Filayar nan ta san ta kamar yunwar cikinta. Haƙorinta ɗaya ya ɓalle tun shekarar da suka haifi ɗansu na fari, Injiniya ya ƙi sake ta, wai hannunsa ya saba da ita. Duk abin da ta kama sai ta bar wannan giɓin. Biri ya yi kama da mutum.

Abin da ya fara zuwa mata, in za a faɗi gaskiya, tunanin aiki ne. Da hannun hagu! Yaya ya riƙe mariƙin? Ba shakka a tsakanin ƙofa da bango ya maƙale shi, dabarar da ita ta koya masa ta buɗe kwalba. Kuma karya wayar keke sai an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta gaji, aikin da ke son ƙarfin yatsu da haƙuri. Saura kaɗan ta yi murmushi. Sai tunani na biyu ya iso, ta nemi kujera ta zauna.

"Malama, to me ya kashe ta?" inji wata ɗaliba.

"Ba ciwo ba ne," inji ta. "Ku je ku sha iska."

Suka fita suna kallon juna, don ba ta taɓa sallamar aji kafin lokaci ba. Ta zauna ita kaɗai da warin gam tana bin safiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar da ƙugiya ke karye, ranar yake magana. Duk ranar da ta kawo sabuwa, ya ce ya gode, ya yi shiru. Cokali bai taɓa karyewa ba, haka soso, haka abin safa. Abinci yana iya ci shi kaɗai bai damu ba. Maɓalli ne kawai ke sa ta tsaya a gabansa, kanta kusa da nasa, ba ta da inda za ta. Ta ji haushinsa, mutum da girmansa yana ɓarna a ɓoye. Ta ji kunya fiye da haushin. Ta ƙera wa mijinta duk abin da zai sa kada ya buƙace ta, kuma ta iya aikinta, don haka bai buƙace ta ba.

Amma hali zanen dutse. Tana cikin tunanin hannunta ya riga ya shiga akwatin ƙarafa ya zaro mariƙin bokitin ƙarfe, mai kaurin da filaya ba ta isa ba. Ta yanka, ta goge da magagari, ta lanƙwasa, ta yi masa mariƙi da guntun kujera ta naɗe da roba. Ba ta taɓa yin ƙugiya mai kyan wannan ba. Ta gwada ta a rigar gwaji da hannun hagu, maɓalli ya bi ta salin alin. Ta jefa ta a jaka.

Da ta koma gida sai ta duba bayan ƙofar ɗaki ta ga inda fenti ya kankare, daidai tsayin mutum a zaune. Da take jera masa wanki ta ga filayar a ƙarƙashin safa, ta mai da safar yadda take.

Washegari ta fito daga wanka, ga shi a bakin gado, riga a buɗe. Ya dubi jakarta da ke rataye, sannan ya dube ta. Ya san halinta, ya san ba ta barin bashin aiki ya daɗe. Ta tsaya a gabansa, hannuwanta sun tafi baya da kansu kamar kullum. Ta daɗe a haka.

"Ba a samu waya mai kyau ba, Injiniya," inji ta.

"Waya," ya ce, yana neman kalmar, "ta yi... wuya yanzu."

"Ta yi wuya ƙwarai."

Ta kawo hannuwanta gaba, ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama maɓallin ƙasa ta sa shi a rami na biyu. Ya sunkuyar da kai ya duba, ya ɗago. Zancen fankar maƙwabta ya ɗauko, wai bai faɗa ba? Jiya ta tsaya, ya ji lokacin da ta yi. In sun kawo ta zai nuna wa yaron da ke tsare masa shago inda zai taɓa, don ciwon ba a waya yake ba. Kalma ta maƙale masa, ta jira, ba ta taya shi ba, ya samo ta da kansa. Agogo ya wuce lokacin fitarta. Ta ci gaba a hankali, maɓalli bayan maɓalli, har ta kai wuya, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, maɓalli guda ya rage ba shi da rami.

Sai a lokacin ya ce, "Malama, kin... tsallake ɗaya."

"Tun daga ina?"

"Tun daga ƙasa."

Ta dubi rigar ta ce lallai kuwa. Ta ɓalle su duka, ta koma ƙasa ta sake farawa.